Damargu: tukunyar gara da kaskon tsutsa

Wanda ya shiga mota a tashar Damagaram ya nufi arewa, hanyar Agadas zai bi. Bayan tafiyar kilomita 50 da ƴan kai, kusa da Bakin Birji, zai hangi dogayen bututun SORAZ, matatar man fetur da aka buɗe a shekarar 2011. Ya shiga ƙasar Damargu ke nan. Sai Sabon Kafi. Sai Tanut, mai nisan kusan kilomita 150 daga Damagaram.

Tun kan hanya ido ke gane canji. Manyan itatuwa na raguwa. Sai aduwa da kandili da anza, sai tumfafiya bakin hanya. Gonakin hatsi na da faɗi ƙwarai, gona ɗaya sai mutum ya gaji bai kai iyakarta ba. Garken awaki da na raƙuma na ƙetare kwalta ba su ko kula da mota.

Sunan Tanut daga bakin Abzinawa ya fito. Da Tamajak, rijiya ita ce anu, ƙaramar rijiya kuma tanut. Sunan ya dace, don babu zancen da ya fi na ruwa yawa a wannan ƙasa. Ruwan sama na shekara bai cika wuce milimita 200 zuwa 300 ba, kuma cikin wata biyu ko uku yake zuba ya ƙare. Rijiyoyi na da zurfi. Akwai waɗanda sai an ɗaura wa raƙumi ko sa igiya kafin guga ta fito.

Duk da haka, Damargu ta daɗe da sunan rumbu. Ayarin Abzin nan yake saukowa ya ɗauki hatsi. Cikin watan Janairu na 1851 Bature Barth, wanda ya sa wa kansa suna Abdul Karim, ya ratsa ta nan tare da ayarin gishiri. A Tagelel ya rabu da ɗaya daga cikin abokan tafiyarsa biyu, ya kama hanyar Tasawa da Katsina da Kano. Abin da ya iske a Damargu shi ne har yau arzikinta: hatsi da bisashe. Inda akwai hatsi kuwa akwai dusa da kara. Inda akwai bisashe akwai kashinsu. A riƙe waɗannan abu uku, za a dawo kansu.

Kifin da ke kwana cikin laka

Mutum zai ce me ya haɗa Damargu da kifi. Gaskiya ba yawa. Kifin da ake gani a kasuwa mafi yawa busasshe ne ko banda, daga nesa aka kawo shi. Abzinawa da dama ma ba su cinsa, bisa al'adarsu. Manyan ruwayen jihar Damagaram masu kifi duk shekara, kamar na Gidimuni da Lasuri, kudu suke.

Amma da damina kwari na cika, tabkuna na tsayawa, wasu wata ɗaya, wasu har cikin sanyi. A ƙasar Hausa irin waɗannan tabkuna na da kifayensu da suka saba da bushewar ruwa. Kowa ya san gaiwa. In ruwa ya janye sai ta nutse cikin laka, ta naɗe jikinta da yauƙi, ta bar ɗan rami tana shan iska. Haka take kwana wata da watanni har sabon ruwa ya jiƙa ƙasa.

Akwai wani kuma da ba kowa ya kula da shi ba, don bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Shi bai iya jiran damina. In tabki ya ƙafe, mutuwa yake. Amma kafin ya mutu ya riga ya binne ƙwansa cikin laka. Ƙwan ne ke shan rani. Ruwan fari na sauka sai su ƙyanƙyashe, cikin ƴan makonni sun girma sun fara nasu ƙwan. A shekarar 1928 wani masani Bajamushe, Ernst Ahl, ya rubuta bayanin irin wannan kifi daga kogin Kiyawa, wajen Katagum a Najeriya, har aka sa wa kifin sunan kogin. Ana samun danginsa cikin tabkunan damina tun daga Gambiya har Cadi.

Namijinsa na da kyan launi. To, wannan kyan ne ya kai shi ƙasashen Turai.

Masu kiwon tsutsa cikin ɗaki

A Turai da Amurka da Japan akwai mutanen da ke ajiye kifi cikin akwatin gilashi cike da ruwa, a tsakiyar ɗaki. Ba don ci ba, don kallo kawai, kamar yadda wani ke ajiye tantabara ko aku. Tun 1853 aka buɗe gidan kallon kifi a birnin Landan. Masu son ƙananan kifayen tabkin damina har aika wa juna ƙwai suke ta gidan waya, cikin ƴar ƙasa mai danshi. Wanda ya karɓa ya jira kwanakin da aka faɗa masa, ya zuba ruwa, sai ga kifi.

Irin wannan kifi bai son busasshen abinci. Abin da ke motsi yake so. Shi ya sa masu shi suka koyi kiwon tsutsa a gida. Sukan sami ɗan akwati mai murfi, su zuba ƙasa mai laushi, su jiƙa ta kaɗan. Su sa irin wata farar tsutsa siririya kamar zare. Su ɗora ɗan burodi ko garin hatsin Turai a kai, su rufe da gutsuren gilashi. Tsutsotsin na taruwa jikin gilashin wajen cin abinci. Da safe mai kifi ya ɗaga, ya ɗauraye cikin ruwa, kifi ya sami kalaci. Akwati ɗaya na iya yin watanni yana ba da tsutsa, muddin bai bushe ba, bai kuma yi tsami ba. Ƙaramar cikinsu, wadda tsawonta bai wuce santimita 1 ba, ana ce mata Girindal, sunan wata mata ƴar ƙasar Suwidin da ta shahara wajen kiwonta.

Manomin Gangara zai yi dariya in ya ji mutum na ba tsutsa burodi don ya ciyar da kifin da ba zai ci ba. Yana da gaskiyarsa. Amma akwai ilimi cikin abin. Waɗannan mutane sun gane cewa ƙaramar halitta, kifi ko tsuntsu, ba ta girma da gari kaɗai. Tana bukatar abin nan mai gina jiki da ke cikin nama da ƙwai da wake. Sun kuma gane cewa ba sai an sayo shi ba, ana iya haifar da shi a gida daga abin da ba shi da kuɗi.

Sai dai tsutsarsu ba ta Damargu ba ce. Babbar farar tsutsar ta fi son sanyi, ƙasa da digiri 20. In zafi ya kusa 30 sai ta fara mutuwa. A Tanut, cikin bazara, zafi na wuce 40 ko a inuwa. Tana ma, wadda masunta ke sa wa ƙugiya, ba ta jure wannan ƙasa, danshi take so kullum. Wanda ya kashe kuɗinsa ya sayo irinsu daga waje, ya yi asara. Damargu na da nata, guda biyu, waɗanda zafi bai dame su ba: gara da tsutsar ƙuda.

Yamma da Tanut

Daga Tanut in aka yi yamma, ta wajen Gangara, ana isa Balbeji. Da can ƙarƙashin Tanut take. A shekarar 2011 aka ba ta nata yanki, mai ɗauke da ƙaramar hukumar Tarka. Sunan na kwarin Tarka ne, tsohon gulbi da ya daina gudu tun zamanin da ba wanda ya gani. Nan manomi da makiyayi ke gamuwa, Hausawa da Abzinawa da Fulani. Arewa kaɗan gonaki sun ƙare, sai makiyaya.

A ƙauyukan wannan hanya, ban da tumaki da awaki, dukiyar da ta fi saurin zama kuɗi ita ce kaji da zabi. Su ake kamawa ran kasuwa in gishiri ya ƙare, ko yaro ya kwanta rashin lafiya. Zabuwa da damina take ƙwai. Akan sa wa kaza ta kwanta a kai, kwana 26 zuwa 28 su fito. Daga nan wahala ke farawa. Ƴaƴan zabi ba su da ƙwari. Raɓar safe na kashe su, sanyi na kashe su, tsutsar ciki na kashe su, yunwa ma haka. Masu bincike a ƙasashen yammacin Afirka sun sha ganin rabinsu ko fiye sun mutu kafin su yi wata uku. Kuma lokacin ya zo daidai da sa'ar da rumbu ya yi ƙasa, ba a da tsabar da za a watsa masu.

Tsofaffi sun san maganin yunwar tun da daɗewa. Yaro ya tafi daji da fartanya, ya saro suri, ya kawo a farfasa gaban ƴan tsaki. Abin na da kyau, amma yana da aibu biyu. Suri na ƙara nisa da gari. Wanda aka rushe kuma yakan daɗe bai komo ba.

A Burkina Faso da arewacin Togo da Gana da Benin, masu kiwon zabi na da wata dabara da ba ta ɓata suri. Ga yadda take.

A sami tsohuwar tukunya, ko da mai tsaguwa ce, ko ƙwarya babba. A cika ta da busasshen kashin shanu da gutsattsarin karan hatsi ko na dawa. A yayyafa ruwa su yi danshi, kada su jiƙe sharkaf. A danna da kyau don kada su zube. A nemi inda gara ke yin hanya, gindin itace ko bakin gona, a ɗan kankare ƙasa har a ga raminta. A kife tukunyar a kai. A rufa mata ciyawa ko tsohon buhu saboda rana. In da marece aka kife, a zo a duba da sassafe, kafin rana ta yi zafi, don da zafi ya taso gara ƙasa take komawa. In ba ta shiga sosai ba a bar mata wata kwana. A juye abin da ke ciki gaban ƴan tsaki, a sake cikawa, a mayar wuri ɗaya.

Mai tukwane uku ko huɗu ba zai rasa abin ba su kowace safiya ba. Abu ɗaya za a kiyaye. Masu kiwo na guje wa ba ƙananan ƴan tsaki zago mai babban kai, don yakan kama su a maƙogwaro. Ƙaramar gara fara ita ce tasu. Kada kuma a kife tukunya kusa da rumbu ko ɗakin kara. Wanda ya yi haka ya kira ɓarawo da bakinsa.

Kaskon tsutsa

Na biyun ya fi ba da yawa, amma ya fi son kula. Sunansa ma kaɗai na sa wasu tofar da yawu. Sai dai kaza ba ta tambayi kowa ba, tun fil azal tana tonon juji don tsutsa.

Ƙuda mace na zuba ƙwai wajen 100 a lokaci ɗaya. Cikin zafi ba su kwana biyu sai sun fashe. Tsutsar na ci kwana 4 ko 5 ta cika girma. Daga nan ta daskare, ta yi ja-ja kamar ƙwayar shinkafa mai ɓawo, bayan ƴan kwanaki sabon ƙuda ya fito. Duk aikin mai kiwo shi ne ya kwashe ta kafin ta daskare. Masana sun auna busasshiyar tsutsar ƙuda, sun iske wajen rabinta abin gina jiki ne. Ta fi wake nesa, ta kusa garin kifi.

An yi aiki a kan wannan a cibiyar binciken noma ta Sotuba, kusa da Bamako a ƙasar Mali. An kuma gwada tare da manoma a Benin da Burkina Faso da Gana daga shekarar 2015. Abin da ake bukata duk yana nan Damargu.

A sami kasko ko tsohuwar tasa mai faɗi. A haɗa kashin kaji ko na tumaki da dusa kaɗan. Abin da ya fi su duka shi ne abin cikin tumbi, wanda mahauta ke zubarwa ran kasuwa a Tanut ko Bakin Birji ko Balbeji. A jiƙa shi ya yi kamar dambu, in an matsa da hannu kada ruwa ya ɗiga. Kaurinsa cikin kasko kada ya wuce yatsa huɗu, don in ya yi tudu cikinsa na zafi ya kashe tsutsar. A ajiye a inuwa, a buɗe, yini ɗaya. Ƙudaje za su zo da kansu. Da marece a rufe da buhu ko tsohon gidan sauro, a danne bakin da duwatsu. In iska ta busar da saman, a yayyafa ruwa kaɗan. A ɗora kaskon bisa wani abu saboda cinnaka da ƙadangare da kajin gida.

Ran kwana na huɗu a buɗe. Tsutsa ba ta son haske, ƙasa take gudu. A kwashe saman a hankali, za a iske ta tare a gindi. A zuba a rariya a tankaɗe. A ɗauraye da ruwa. Wadda za a ba ƴan tsaki yau a ba su, tare da tsakinsu da dusarsu, don ƙari ce, ba ta maye gurbin hatsi. Sauran a zuba mata tafasasshen ruwa, a shanya a rana ta bushe ƙayau, a ɗura a kwalba ko gwangwani mai murfi. Abin da ya rage cikin kasko taki ne mai kyau, a kai gona ko garka.

Nan ne wurin da za a buɗe kunne. Ƙuda na ɗauke da zawo da ciwon ido zuwa ga yara. Wanda ya kafa kasko ya mance da shi har mako ya wuce, ya ƙara wa gidansa ƙudaje ne da hannunsa. Wanda ke kwashewa ran kwana huɗu kuwa, rage su yake, don ƙwan da za a zuba a juji an zuba a kaskonsa kuma kaza ta cinye. A kafa shi can bayan gida, nesa da madafa da randa da inda yara ke wasa. A wanke hannu da sabulu. Ba a sa bayan gidan mutum. Ba a sa mushe. Tsutsar da ta ci mushe na iya ɗauko dafin da ke sa wuyan kaza ya saki, ta kasa ɗaga kai har ta mutu, kuma sai ta kwashe kajin gida da yawa rana ɗaya.

To, kifin fa?

Tarwaɗa na son tsutsa da gara kamar yadda ƴan tsaki ke son su. Ita ce kuma kifin da ya fi jure ƙaramin wuri, don tana tasowa ta shaƙi iska a saman ruwa. A Kano da wasu biranen Najeriya mutane da yawa na kiwonta cikin kwamin siminti ko na roba a bayan gida, kuma can ake samun masu ƙyanƙyasar ƴaƴanta. In ta ƙoshi, cikin wata 5 ko 6 ta isa ci. Abin da ke cinye ribar masu wannan sana'a shi ne abincin buhu, wanda ya kan ɗauki fiye da rabin kuɗin da suka kashe. Mai kaskon tsutsa ya rage wannan nauyi.

Amma kafin mutumin Damargu ya sayi siminti, ya zauna ya yi lissafin ruwa. Kwami mai tsawon mita 2, faɗin mita 1, zurfin mita 1, lita 2000 yake ci. Tano 10 ke nan mai lita 200, ko bido 100 mai lita 20. In an zuba tarwaɗa 100 a ciki, ruwan na ɓaci, sai an riƙa rage shi ana ƙara sabo bayan kwana biyu ko uku. Ko kashi ɗaya cikin uku aka canza, bido 30 da wani abu ne kowane karo. A garin da mata ke kwana bakin rijiya, ko ake sayen ruwa a amalanken jaki, wannan ba sana'a ba ce, jidali ne.

Inda abin zai yi kyau shi ne wurin da akwai famfo mai injin rana da garkar kayan miya kusa. Can ruwan da aka fitar daga kwami bai tafi banza ba, yana tafiya gindin tumatir da yakuwa da zogale da takinsa. Ƙungiyar mata masu garka ta fi mutum ɗaya iya ɗaukar wannan. Haka garin da ke da tabkin da ke kaiwa cikin sanyi. Ma'aikatan ruwa da daji sun daɗe suna zuba ƴaƴan karfasa da tarwaɗa cikin tabkunan Nijar. Jama'ar da ke da irin wannan tabki na iya zuwa ofishinsu a Tanut ko Balbeji su nemi shawara tun kafin damina. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da cin kifin da ya ci tsutsa ba, ya daina ba shi ita ƴan kwanaki kafin kamu, ya sake masa ruwa mai tsabta. In da sauran shakka ya tambayi malamin garinsu.

Dattawa za su tuna wata tsutsa ta tabki da ta sha kwantar da manoma tsakiyar aikin gona, wato kurkunu. Ba ta da dangantaka da waɗannan. Ita ta hanyar shan ruwan da ba a tace ba take shiga jiki, kuma a shekarar 2013 hukumar lafiya ta duniya ta shaida Nijar ta rabu da ita.

Ga yawancin gidajen Damargu, ƴan tsaki da ƴaƴan zabi ne kifinsu. Kasko ɗaya bai shan ruwan da ya wuce na buta. Lokacin farawa shi ne sa'ar da aka sa wa kaza ƙwan zabi. Mako uku bayan haka a kafa kaskon fari, kashegari na biyu, har su kai huɗu, don kowace safiya a sami na buɗewa. Ƙudaje sun fi yawa da damina da farkon kaka. In iskar hunturu ta taso sai su ragu, kasko ya riƙa bushewa da wuri, tsutsa ta ƙara kwana biyu ko uku kafin ta isa kwasa. Sa'an nan ne ake buɗe kwalbar da aka ajiye.